Jan-baki a Bakin Kofi

Ƙauyen Dalig, Tayabas
20 ga Mayu, 1996

Zuwa ga mijina abin ƙaunata, Doroy,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk tashar da jirginku na kamun kifi ya tsaya. Yaya teku, yaya sanyi, yaya kuma bayan nan naka da kake ɓoye mini ciwonsa? Mu nan lafiya lau, sai kewarka da ta ƙi tsufa. 'Yarmu Ningning ta zubar da haƙoran gaba biyu, tana ta yi wa kowa dariya da giɓi, ta ce in gaya maka kada ka dawo sai sun fito, sannan ta ce a'a, in goge wannan. Mahaifiyarka Inay Sinang ma lafiya take, gwiwarta ce kawai, bakinta kam garau.

An yi bikin waliyyi San Isidro ranar Laraba. Na dafa suman har yatsuna suka yi kanta da naɗe shinkafa a ganyen kwakwa, kuma duk wanda na ɗaure sai na tuna yadda kake sace mini masu zafi kana cewa ɗanɗana gishiri kake yi. Wane gishiri a abin zaƙi, ɓarawo? Biki na biyu ke nan ba ka nan. Na yi zaton na biyu zai fi na farko sauƙi, ashe ƙarya nake yi wa kaina.

Da la'asar kawuna Tiyo Basyong ya kafa zagayen kofi a ƙarƙashin gidansa kamar kowace shekara. Kofi ɗaya, shi ke zuba giyar kwakwa, shi ke miƙawa, maza da mata a zaune ana waƙa ana zolayar juna. Doroy, ka tuna a wurin nan muka fara? Kofi ya zo kaina, ni da ban taɓa kai giya maƙoshina ba, na yi timtim irin namu na mata, na ɗora leɓena a bakin kofin na bar masa jan-baki. Tiyo ya ɗaga shi sama ya ce wane namiji ne zai shanye wa wannan yarinya rabonta. Kai da Ambo kuka miƙe tare, ka riga shi da taki ɗaya. Ka juya kofin ka sha daidai inda jan-bakin yake, ka ƙware, kana tari kana hawaye jama'a na ta ƙyaƙyata dariya. Kowa a wurin ya san abin da shan nan yake nufi, har da Ambo, wanda bai ƙara yin waƙa ba ranar.

To bana ma kofin ya zo kaina. Na shafa jan-bakin nan da ka aiko mini, na sa rigar nan ruwan ɗorawa mai siririn hannu. Ina kai kofin baki sai na ji kamar kana zaune a kan bencin da ke gabana. Na lumshe ido, hawaye suka zubo ban shirya ba. Tiyo ya yi tambayarsa ta al'ada, Kumpare Ambo, ubangidan baftismar Ningning, ya fara miƙewa. Daidai nan sai ga ganguna, an fito da waliyyi zagayen gari, jama'a suka watse a guje zuwa titi don cafkar suman da ake jefowa daga tagogi, har Tiyo da tsufansa. Abin da ya biyo baya ba na takarda ba ne, sai ka dawo in faɗa maka a kunne.

Af, na kusa mantawa. Wata 'yar Manila mai gajeren gashi ta zo da kyamara a wuya, ta ce hotunan bukukuwan ƙauye take ɗauka. Yarinya mai ladabi, ta ci suman ɗina uku. Ta ɗauke ni lokacin da kofin ke bakina, ta yi alkawarin aiko mini. In ya zo zan saka maka a takarda ta gaba, ka manna a gefen gadonka, ka cire matar nan ta kalanda da na san kuna da ita a jirgi. Kada ka musa, matan masu aikin teku sun san komai.

Ka riƙa sa rigar sanyi, ka riƙa cin abinci ko ba daɗi. Allah ya tsare mini kai.

Matarka mai jiranka,
Perling

*

Dalig
11 ga Agusta, 1996

Doroy nawa,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu jikinmu lafiya, amma zuciyata a dagule take, ka yi haƙuri da rubutun.

Hoton ya zo. Bai zo a ambulan ba, a bango ya zo. Ranar Litinin na kai Ningning ɗakin shan magani saboda tari, ina shiga na ga mata kowa na kallon ƙasa. Na ɗaga kai, sai ga ni, fuskata ta kai girman faifan tankaɗe. Ido a lumshe, hawaye a kumatu, kofi a baki, hannun riga ya zame daga kafaɗa ɗaya. Can baya ga Ningning tana barci a kan benci, ka san ta da barcin rana. A ƙasa an rubuta da jan tawada: IDAN UWA TA BUGU, WA KE GIDA? Akwai wani ƙarami kuma: KOFI ƊAYA YA ISA YA ZUBAR DA MUTUNCIN MACE.

Ashe yarinyar nan masu yaƙi da shan giya take yi wa aiki. Kuma ka ji abin haushi, maza goma sha wani abu ne a zagayen nan, wasunsu harshe ya riga ya karye, amma duk an yanke su. Ba Tiyo, ba tulun giya, ba kowa. Ni kaɗai da 'yata, kamar mun kulle kanmu a ɗaki ina ɗirka.

Su ma mazan an yi musu nasu hoton, yana nan kusa da nawa. Ka san me aka sa? Hanta. Zanen hanta kumburarriya, an rubuta ƊAN'UWA, KULA DA LAFIYARKA. Ba fuska, ba suna, ba ɗa a baya. Na tsaya ina kallon biyun, na ce wato shi namiji in ya sha hantarsa ce ke lalacewa, ita mace mutuncinta. To mu ba mu da hanta ne? Da ƙarfi na faɗa, ma'aikaciyar jinya ta ce in yi a hankali akwai marasa lafiya.

Kada ka ɗauka ina goyon bayan mashaya. Ni na wanke wa ƙawata Kumare Idang jini ranar da mijinta ya fasa mata baki da kwalba, kuma na san abin da giya ta yi wa mahaifinka har ta kai shi kabari. In sun ce a rage sha, wallahi ni ce ta farko da zan riƙe musu guduma da ƙusa. Amma a rasa wadda za a manna sai ni?

Yanzu ina ko'ina. Ina bangon makaranta, ina bakin kasuwa, ina bayan jifni, motar hayar da ke zuwa Lucena. Jiya na shiga ɗaya na zauna, fuskata na waje tana shan ƙura. Kwandasta ya kalle ni ya leƙa baya ya sake kallona, ya ce, "Ate, yayata, yau da sassafe aka fara ko sai an sauka?" Na ce masa ya tambayi ubansa, shi ne na gani kwance a kwata ranar Lahadi. Mota ta ɗauki dariya, ni ma na yi, amma da na sauka sai da na shiga bayan coci na yi kuka mai isata. A kasuwa 'yan dako sun sa mini suna Kofi Ɗaya. Cinikin suman kuwa ya ƙaru, kowa na son ya ga mashayiyar da ido, ka ji duniya.

Mutanen Dalig sun san timtim, don haka ba su yarda na bugu ba. Su abin da ke musu ƙaiƙayi daban ne: an dawo daga titi an tarar da kofi ba komai a ciki, to wa ya shanye? Duk wanda ya tambaye ni sai in ce leɓe kawai na ɗora, sauran ba ruwansa.

Inay Sinang ba ta zo bikin ba saboda gwiwa, a bakin kasuwa ta ga hoton. Ta zo gida ta zauna ba ta karɓi ruwan da na ba ta ba. Ta ce ita ta binne miji saboda kwalba, ba za ta zuba ido jikarta ta tashi a gidan da ake sha ba. Na ce Inay, shekara goma kina tare da ni, kin taɓa jin wari a bakina? Ta ce hoto ba ya ƙarya. Ta tafi tana ɗingishi, ba sallama.

Da kana nan da ka yi dariyar nan taka mai kama da tarin akuya, ka je ka yage su ɗaya bayan ɗaya, komai ya wuce. Ka rubuto mini ko layi biyu ne. Ina son in ji daga bakinka cewa ka san matar da ka aura.

Taka har kullum,
Perling

*

Dalig
27 ga Oktoba, 1996

Mijina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina sanar da kai cewa ban ga amsarka ba har yau. Matar Nonoy da kuke jirgi ɗaya ta samu takarda biyu, don haka na san kun tsaya a tasha. Na taya ta murna, na dawo gida na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Ningning ba ta gidan nan. Inay ta zo ta ɗauke ta watan jiya, ta ce za ta zauna wurinta a cikin gari har sai ubanta ya yi magana. Na so in yi kokawa, amma yarinyar na tsaye tana kallonmu, kuma ita ma ta gaji da 'yan ajinsu da ke tangaɗi a bayanta suna cewa ga 'yar Kofi Ɗaya. Na haɗa mata kaya da hannuna. Gida ya yi mini faɗi, Doroy. Ina dafa shinkafa sai in ga na auna ta mutum uku, ni da ba ni da ko na biyu. Ranar Lahadi nake ganinta a coci, Inay na riƙe da hannunta, sai ta juyo ta yi mini alama da ido. Haƙoranta sun fito, ɗaya ya ɗan karkace kamar naka.

Na kuma ji cewa Inay ta ɓamɓaro hoton nan daga bango ta ninke ta aika maka. To ka ga matarka, ka ga kuma jan-bakinka ya yi kyau a takarda.

Na je har Manila. Kumare Idang ta raka ni, mun sha tambaya kafin mu gano ofishin. Na shiga da faɗa cike da bakina, sai ga yarinyar mai gajeren gashi, tana ganina ta miƙe ta kama hannuna biyu ta fashe da kuka. Haba, ta ɓata mini shiri. Ta ce ita ta ba da hoton, amma rubutun ba nata ba ne. Ta ce yayarta ta je wani biki aka yi ta cika mata kofi, abin da ya same ta a hanyar gida ba ya faɗuwa, shi ya sa ta shiga wannan aiki. Na ce Allah ya saka mata, amma su waɗanda suka yi mata abin, a wane bango aka manna su? Ni ma ban ji daɗin na faɗa ba.

Shugabarsu ta fito, mace mai fara'a, ta ba mu lemo mai sanyi. Ta ce hotona ya fi kowanne aiki, an gwada na maza ba wanda ke tsayawa ya kalla, amma nawa har masu mota na rage gudu. Ta ce in ɗauka ina ceton rayuka ne. Na ce Madam, ni tawa nake nema a ceta. Na yi mata bayanin timtim, ta ce kai, al'ada mai ban sha'awa, ta rubuta a takarda. Ta yi alkawari za su gyara yadda ba wanda zai gane ni.

Sun cika alkawari. Bayan mako biyu wani yaro ya zo da babur yana bin bango yana manna mini baƙin ƙyalle a ido, irin wanda jaridu ke sa wa matan da aka kama a gidan karuwai. Garin gyaran gira an rasa ido. Da can mashayiya ce ni, yanzu na zama wadda 'yan sanda suka kama. Idang ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce, "Kumare, wa zai gane ki yanzu? Sai dai duk wanda ya san bakinki, wato duk Tayabas."

Mata sun daina zama a zagayen kofi, kowa na tsoron kyamara da bakin mutane. Ka san da muna nan Tiyo ba ya cika kofi, kuma da mun miƙe ɗora tukunya an tashi ke nan. Yanzu maza sun koma bayan rumfar busar da kwakwa, kowa da kwalbarsa, ba mai zuba, ba waƙa. Mijin Idang ya hau bishiyar kwakwa da safe da sauran maye a kansa, ya zame daga gorar da ake takawa tsakanin bishiyoyi, ya karya ƙugu. Tiyo ya kife kofinsa a kan kanta, ya ce shi ba zai zuba wa bango ba.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Inay ta ɗan sauko. Fada, limamin cocinmu, ya yi mata magana, ta ce ta yarda timtim al'ada ce, ita ma ta yi a zamaninta. Ta ce in kawo namijin da ya shanye kofin ya faɗa a gabanta da gaban Fada, ranar nan zan tafi da 'yata. Kumpare Ambo ya ji labari ya zo ya tsaya a bakin matakala, bai hau ba, hularsa a hannu. Ya ce shi ubangidan baftismar Ningning ne, a shirye yake ya je ya ce shi ya sha. Na ce ya ba ni lokaci.

Ina kewarka har abin na ba ni haushi. Wani lokaci ina jin ƙarar babur ya tsaya a hanya sai in gyara gashi, alhali na san kwangilarka ba ta ƙare ba. Ka yi magana, Doroy, shirun nan ya fi hoton ciwo.

Matarka,
Perling

*

Dalig
22 ga Disamba, 1996

Doroy, masoyina, mai taurin kai,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da Kirsimeti tun kafin ta zo, ko da yake na san sai ta wuce wannan za ta iso hannunka. Ina fatan bayanka ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau.

Takardarka ta zo jiya da safe. Na ƙi buɗewa a gaban mai kawowa, na hau sama na wanke hannu na zauna a gefen gadonmu. Na yi zaton shafi uku zan gani. Layi huɗu ne, na haddace su. Ka ce ba ka taɓa yarda na bugu ba, ka ce ka san matarka ko ƙamshin tulu ba ta so. Ka ce wata bakwai kana juya takardata ta Mayu, inda na ce Ambo ya fara miƙewa, na ce sauran ba na takarda ba ne. Sannan ka ce, "Abu ɗaya nake so in sani, Perling. Wa ya shanye miki?"

Wayyo ni. Duk ƙasar nan na kallon hoton suna ganin mashayiya, kai kana can tsakiyar teku kana kallon bakin kofi kana neman leɓen wani. Ni ina nan ina cewa ka ji kunyata ne, ashe kishi ke cinka, sakarai. Na yi dariya, na yi kuka, na zagi kaina da na rubuta maka magana rabi. Na so in yi maka wasa ne irin na mata da miji, ban san na ba ka wuƙa ka kwana da ita ba.

Ka kuma san ranar da takardar ta zaɓa ta zo? Ranar da na riga na ce wa Ambo to. Na gaji, Doroy. Kirsimeti ta matso, na ce ba zan je cocin asuba ni kaɗai ba kamar wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Na ce ya zo ya faɗi abin da zai faɗa in karɓi 'yata, kai kuma in ka dawo na yi maka bayani. An sa jiya da yamma a gidan Inay.

Na je da takardarka a cikin riga. Fada na zaune a kujerar marigayi mahaifinka, Inay a gefensa, Ambo a tsaye ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Ningning na bakin ƙofar ɗaki da jakarta a rataye, ta sa takalmi, har ta ɗaure 'yar tsanarta a jikin jakar. Tana ganina ta ɗaga jakar ta nuna mini.

Fada ya tambayi Ambo, Ambo ya gyara murya. Ni kuwa sai na ga maganar tana tafiya: daga bakinsa zuwa kunnen Inay, daga Inay zuwa takarda, daga takarda zuwa jirgi, kai kana zaune a kan gadon ƙarfe kana karanta cewa Ambo ya sha inda na ɗora baki, kuma an faɗa a gaban Fada. Na san ka. Ko na rantse maka sau ɗari daga baya, ba za ta fita daga ranka ba, za ka dawo gida da ita, ko ma ka sa hannu a sabuwar kwangila ka ƙi dawowa.

Na ce Kumpare, dakata, kada ka yi ƙarya saboda ni.

Ga amsarka, ita ce kuma na ba su. Ba wanda ya shanye mini. Da jama'a suka ruga titi, Ambo ma ya bi su, aka bar ni da kofi a hannu. Na san za su dawo, Tiyo zai sake tambaya, wani zai miƙa hannu. Zubarwa kuwa ka san cin mutuncin mai zuba ne, ba a yi. Na kalli jan-bakin da ka saya mini a bakin kofin nan, na ce wallahi ba namijin da zai ɗora baki a nan mijina na teku. Na rufe ido na shanye shi tas. Ya ƙone ni tun daga harshe har cibiya, na je bayan gida na amayar, na kwana da ciwon kai. Shi ne kofina na farko, shi ne na ƙarshe. Abin da na so in raɗa maka a kunne ke nan, don ka yi mini dariya kamar yadda aka yi maka.

Ambo ya sa hularsa ya fita, ina jin kunya ya ji, ko wani abu da ya fi kunya. Fada ya ce kofi ɗaya ai ba zunubi ba ne, amma Inay ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Shi ma uban Doroy da ɗaya ya fara." Ta ce wata huɗu ina ce wa mutane leɓe kawai na ɗora, ashe hoton ya fi ni gaskiya. Ta ce Ningning ta cire takalmi, yarinya na nan har ubanta ya zo da ƙafarsa ya ɗauke ta, takarda ma ba za ta karɓa ba yanzu.

Ningning ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sauke jakar a hankali, ta zo ta rungume ni a ƙugu, ta ɗago kai ta ce mini, "Mama, da ɗaci?" Na ce da ɗaci sosai. Ta ce to me ya sa na sha. Na ce ta tambayi babanta in ya dawo. Ta ja jakarta ta koma ɗaki, ni na sauko matakala ni kaɗai, na bi ta gaban hotona na bakin kasuwa na dawo gida.

Ban yi nadama ba, amma kada ka ɗauka ba zafi. Yau da asuba na je coci, na tsaya a baya, ina hango ƙeyarta a layin gaba, an yi mata kitson da ba nawa ba.

Ka yi mini tambaya ɗaya, na amsa maka, kuma ka ga abin da amsar ta ci mini. Yanzu ni ma ga tawa guda ɗaya. Kada ka aiko mini da jan-baki, kada ka aiko da 'yar tsana, kada ka cika shafi da ban haƙuri. Ka rubuta mini ranar da za ka sauka daga jirgin nan ka je ka ɗauko mana 'yarmu.

Ni ce matarka, wadda ba ta da kowa sai ku biyu,
Perling